Ɗan Abin da Na Liƙa a Amfilifayar Zuma

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran amfilifaya, akwatin nan da ke ƙara wa jita sauti, kuma har yau in mutum ya shigo shagona ya ce yana son "mai ƙarfi", sai in ji kamar in jefe shi da sukundireba. Ƙarfin me? Dutse za ka fasa? Amfilifaya mai kwalba ba janareta ba ce. Kwalaben nan na gilashi da ke bayanta, masu yin ja kamar garwashi in sun ɗauki zafi, ba sa sakin murya mai daɗi sai an matsa musu, an murɗa ƙara har ta kusa ƙurewa. In ƙarama ce, a cikin ɗaki za ka matsa mata ta yi maka waƙa, kowa ya zauna lafiya. In babba ce, kafin ta kai wurin daɗin ta riga ta zubar da kwanukan maƙwabta. Na faɗi wannan magana har bakina ya gaji, kuma wanda ya fi kowa shan ta daga bakina shi ne mijin yayata.

Zuma ake ce masa, kuma ba don halinsa ba, don halinsa ko kusa da zuma bai je ba. Don jitarsa ne. In ya danna tsirkiya ya riƙe ta, sai ka ji sautin yana malalowa a hankali, mai kauri, mai ɗumi, har ka manta abin da ya kawo ka wurin. Da wannan ya sace mana Yaya. Amma amfilifayarsa ƙarfinta wat ɗari ne, wata shirgegiya da mutum biyu ke ɗauka suna nishi, ya sa mata suna Giwa. Shekara ashirin da takwas yana tsayawa daf da bakinta, ita a ƙure, rigarsa tana kaɗawa kamar yana gaban fanka.

"Zuma, wannan abar za ta ci maka kunne," nake ce masa.

"Injiniyan ƙwan fitila," yake ce mini, "kai dai riƙe dalmarka, ka bar wa manya kiɗa."

To, ta ci. Ba rana ɗaya ba, kaɗan-kaɗan, yadda ɓera ke cin buhu. Siraran sautuka ne suka fara tafiya. Ya daina jin kukan butar shayi, ya daina jin ƙararrawar ƙofa, Yaya ta yi magana daga kicin ya ce gunaguni take yi masa. Shi kuma bai ce kunnensa ne ba, sai ya ce Giwa ta tsufa. Ya dinga ƙara maɓallin kaifi, wanda ke fito da siririn sauti, daga huɗu zuwa shida, daga shida zuwa takwas, har ya kai goma ya tsaya don babu sha ɗaya. A kunnensa zumar ta dawo. A kunnen sauran bayin Allah kuwa, kamar ana goga wuƙa a gilashi.

Abu biyu suka faɗo masa a mako guda. Likitan kunne ya ce in ya ƙara tsayawa gaban Giwa, ɗan abin da ya rage ma zai bi sahu. Shugaban ƙungiyarsu kuma, wanda suka fara kiɗa tare tun ba su da gemu, ya kira shi gefe ya ce masu biki sun fara cewa a zo amma ban da mai jitar nan. Ya ba shi wa'adi zuwa gwajin kiɗan ranar Asabar. In sautin ya gyaru, kujerarsa tana nan. In bai gyaru ba, akwai wani makaɗi da ya daɗe yana jira.

Ranar Laraba da hantsi suka shigo shagona, shi da jita a kafaɗa, Yaya a bayansa riƙe da jakarta da hannu biyu kamar wadda ta zo gaisuwar mara lafiya.

"Ƙanin mata, fito mini da ƙanana," in ji shi da ƙarfi, don yanzu duk maganarsa da ƙarfi yake yi. "Likita ya ce in rage. Amma ka ji ni da kyau, murya nake nema, ba rediyon mai gadi ba."

Uku nake da su. Na share tebur, na ture wayoyi da tsofaffin lasifikoki gefe, na jera su. Na kunna ta farko, wat biyar, kwalba biyu kacal, muka jira ta ɗauki zafi. Ya buga sau uku ya yamutsa fuska.

"Wannan ai sauro ne."

A nan ban yi masa musu ba, don in ganga ta tashi ba wanda zai san tana wurin. Ta biyu wat talatin ce. Idonsa ya yi haske tun kafin ya taɓa ta, ya murɗa ƙara zuwa bakwai, gwangwanin kusoshina ya fara rawa a kan kanta, tela na shagon gefe ya buga bango. Na kai hannu na kashe.

"Wannan ƙanwar Giwa ce, uwa ɗaya uba ɗaya," na ce. "In ka ɗauke ta, ka biya ta wurin likita ka yi masa ban kwana."

Saura ta uku, wat goma sha biyar, lasifika ɗaya, rigarta baƙa ta koɗe a kusurwa. Ni na sake mata kwalabe da hannuna, kuma na san abin da ke cikinta. Na sa kaifi a huɗu, kauri a shida, ƙara a bakwai, daidai inda kwalaben ke fara gumi. Na ce masa bismilla.

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ya danna tsirkiya ta uku ya tura ta sama ya riƙe, sautin ya fito ya tsaya a tsakiyar shagon, bai yi kuka ba, bai mutu ba. Zuma ce, ta shekara ashirin da takwas da suka wuce, ba abin da ya ragu. Tela ya daina buga bango, har keken ɗinkinsa ya tsaya. Na waiga na ga Yaya ta sa gefen mayafi a baki, hawaye yana zuba, ba ta ma share ba.

Shi kuwa ya tsaya ya dube ni.

"Bargo ka rufa mata ne?"

"Wane irin bargo?"

"Ba ta da murya. Kamar mutum yana magana da tuwo... kamar bakinsa a cike. Laka ce zalla."

Ya miƙa hannu ya murɗa kaifi har ya ƙure. Ya buga. Na ji abin a haƙorana. Yaya ta runtse ido, tela ya dawo da bugun bango, wani kare a titi ya fara haushi. Zuma kuwa ya lumshe ido yana murmushi, yana gyaɗa kai.

"Yauwa! Ka ji ta? Ashe akwai magana a bakinta. Wannan zan ɗauka."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ɗauko jan fenti na ɗiga ɗigo a kan huɗu, na daka masa tsawa yadda zai ji. Na ce ya bar maɓallin nan a kan ɗigon, ya yarda da kunnena tunda nasa ya tafi hutu. Yaya ta harare ni irin hararar da take yi mini tun ina yaro.

"Kunnena ƙalau yake," in ji shi, a hankali wannan karon. "Ɗan toshewa kawai yake yi. Ni za ka koya wa sauti? Ranar da na fara riƙe jita kai majina kake sha."

Ya ce in duba mata wayoyi in goge ta, zai zo ya ɗauka ranar Asabar kafin gwaji. Ya saɓa jitarsa ya fita. Yaya ta tsaya a bakin ƙofa har ya yi nisa, sannan ta juyo.

"Auta, ka yi wani abu," ta ce. "In suka cire shi, ban san me zan yi da shi a gida ba. Bai iya komai ba sai wannan. Ko ƙwan fitila bai iya sakewa ba."

Kwana biyu ina kallon amfilifayar nan a kan tebur. Mai gyara ne ni, kuma ciwon mai gyara ɗaya ne, gani yake komai na duniya in an buɗe bayansa za a samu wayar da ta saki. Ba zan iya buɗe kan Zuma ba, amma zan iya buɗe akwatin. Ranar Juma'a da safe na kwance kusoshi huɗu, na zaro cikinta, na ɗauko wata 'yar kwandansa da ba ta fi ƙwayar wake ba, na liƙa ta da dalma a bayan maɓallin kaifi. Aikinta ɗaya ne, ta shanye duk kaifin da ya wuce kima. Ka murɗa zuwa goma, ka murɗa har maɓallin ya karye a hannunka, abin da zai fito huɗu ne. Na gwada, na ji daidai, na mayar da kusoshi. Har yaba wa kaina na yi, Allah ya yafe mini. Na haɗa shayi na sha ina cewa a raina, ai ga shi an gama, shi ya samu gomansa, duniya ta samu huɗunta.

Ranar Asabar ya zo a makare, a gurguje, bai ko kunna ta ba. Ni na ɗauka masa, na ce zan raka shi in ga yadda za ta yi da sauran kaya. A wani sito suke gwaji, bayan wani zauren biki, kujerun roba a jibge har rufi, tagar sama ɗaya, rana tana shigowa ta kan ganguna. Mai ganga yana nan, mai biyano, mawaƙa biyu, da Shugaba a tsaye da hannu a aljihu. Can gefe kuma ga wanda ke jiran kujerar, zaune a kan akwati da jitarsa a cikin jaka, yana ta danna waya kamar ba ruwansa.

Zuma ya jona, ya jira kwalaben suka yi ja, ya dubi jan ɗigona ya yi tsaki, ya murɗa kaifi zuwa goma a gaban kowa. Na ga mai biyano ya dubi mai ganga. Na ga ɗaya mawaƙiyar ta ɗan ja baya. Shugaba ya sunkuyar da kai, ya ƙirga musu, suka shiga.

Sautin da ya fito, na shagona ne na ranar Laraba, kafin ya ɓata shi. Mai ganga ya ɗago kai har ya kusa rasa bugu. Shugaba ya zaro hannu daga aljihu. Amma ni ba su nake kallo ba, Zuma nake kallo. Ya buga layin farko, na ga girarsa ta haɗe. Ya kai hannu baya ya taɓa maɓallin, ya same shi a ƙure. Ya sake murɗawa, ba inda za shi. Ya leƙa bayan akwatin ko kwalba ce ta mutu, ya ga duk suna ci. Waƙa kuma ba ta jira, wurin da zai yi kiɗa shi kaɗai ya iso, dole ya shiga.

Ya shiga da yatsu kawai. Tun yana saurayi suke bin hanyar nan, sun san ta ko a duhu. Yana kallon hannunsa kamar hannun wani, gumi yana bin wuyansa, yana bugawa, kuma ban taɓa jin ya yi kiɗa mai kyau kamar na ranar ba. Da suka tsaya, sai mai ganga ya jefar da sandunansa sama ya yi ihu. Shugaba ya taho ya rungume shi.

"Zuma ya dawo! Kai, mutumina, ina ka ɓoye wannan? Muryarka ke nan, ita ce wannan, ita muke nema!"

Mai jiran kujera ya ɗauki jakarsa ya zo ya ba shi hannu, ya ce a gaskiya babu wurinsa a nan, ya fita. Ni ina gefe ina washe baki kamar ni na yi kiɗan.

Zuma bai yi dariya ba. Ya dubi Shugaba.

"Ya yi daɗi?"

"Daɗi? Ka ga fa yarinyar nan kuka take yi."

"Yadda ya fita yanzu, haka ne daidai?"

"Haka ne daidai, kada ka taɓa komai."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya durƙusa a bayan amfilifayar, na matso, ya zaro sukundireba daga aljihun rigata ba tare da ya dube ni ba, ya kwance kusoshin nan huɗu a gaban jama'a. Bai iya sake ƙwan fitila ba, gaskiya ne, amma shekarun da ya yi yana zama a shagona yana tsokanata sun isa ya gane sabuwar dalma. Tsohuwa toka-toka take, tawa kuwa tana ƙyalli kamar haƙorin azurfa. Ya sa yatsa a kan 'yar kwandansar ya daɗe.

A waje, a jikin bango inda ake jingine babura, ya tsayar da ni. Na shirya wa zagi, har na shirya amsa. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Ban ji komai ba, ƙanin mata," ya ce. "Tun daga farko har ƙarshe. Kamar ina kiɗa a ƙarƙashin ruwa. Na ɗauka ta lalace, ina ta jin kunya, ina jira Shugaba ya tsayar da mu. Sai na ga suna murna."

"To ai shi ke nan, kujerarka ta tsira."

"Abin da nake ji da daɗi, shi ne ke korar mutane. Tun yaushe?"

Na mayar da ido kan baburan.

"Tun yaushe, na ce?"

"Shekara huɗu. Ko biyar."

"Kuma yayarka tana zaune tana saurare."

"Tana saurare."

Ya goge fuskarsa da tafin hannu. Na yi ta zuba, na ce yatsunsa sun isa, na ce mutane da yawa suna aiki da abin da ba sa gani, na ce zan riƙa bin su duk inda za su in tsaya a gaba in ɗaga masa hannu in ya yi daidai. Maganganun banza dai, irin waɗanda mutum ke yi in ya san ya yi ɓarna. Ya bar ni na gama.

"Da ina cewa Giwa ce ta tsufa," ya ce. "Da ita nake faɗa, kuma ina samun barci. Yanzu da wa zan yi?"

Biki biyu ya yi da su bayan nan. Shugaba ya ce mini ba a taɓa yaba musu kamar lokacin ba, har masu bikin da suka ce ban da mai jita suka aiko da ban haƙuri. Yaya kuma ta ce in ya dawo ba ya cin abinci, sai ya zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa yana kallon hannuwansa. Ana gobe biki na uku ya kai wa Shugaba rigar ƙungiya a ninke cikin leda. Shugaba ya roƙe shi, ya yi fushi, ya sake roƙo. Zuma ya ce shi makaɗi ne, ba zai tsaya yana motsa yatsu kamar mai tsintar shinkafa wasu suna jin daɗi ba. Aka kira mai jiran kujera, ya zo da jakarsa.

Ranar Litinin da hantsi ya shigo shagona da amfilifayar a hannu, shi kaɗai. Ya ɗora ta a kan tebur.

"Cire abinka."

"Zuma, don Allah..."

"Ba wurin biki za ni da ita ba. Ɗakina zan kai ta. Wat goma sha biyar ce, likita ba zai yi faɗa ba, ai ka zaɓa mini daidai. Cire, ina so in ji kaina."

Na kunna ƙarfen dalma. Minti biyu ba a yi ba, 'yar abar ta faɗo a tafin hannuna da ɗuminta. Ya ce in goge jan ɗigon ma, na goge.

Jiya da la'asar na biya ta gidansu. Tun daga bakin titi na jiyo shi, wuƙa a kan gilashi, tana fitowa ta tagar ɗakin baya. Maƙwabciyarsu tana rufe tagoginta ɗaya bayan ɗaya. Na samu Yaya a kicin tana yanka albasa, ta cusa auduga a kunnuwa biyu, sai da na taɓa kafaɗarta ta san na shigo. Ta zaro ɗaya.

"Kullum haka?" na tambaye ta.

"Daga azahar zuwa magariba. Je ka leƙa shi, ƙofar ba a kulle take ba."

Na tura ƙofar kaɗan. Yana zaune a bakin gado, amfilifayar a kan kujera daidai kunnensa, maɓallin a goma. Idonsa a lumshe, yana gyaɗa kai, yana murmushin nan da na sani tun ina yaro. Bai san na zo ba. Na ja ƙofar na koma kicin.

"Ya ce jiya ta fara yi masa laka-laka," in ji Yaya, ba ta ɗago daga albasar ba. "Ya ce in tambaye ka ko akwai abin da za a ƙara mata."

Ta mayar da audugar kunnenta kafin in ba ta amsa.